Itacen Wankan Jego

Talata, 24 ga Oktoba 1967, da hantsi

Alhamdu lillahi. Balkisu, matar ɗana, ta sauka lafiya ana fitowa sallar asuba. Mace ce. Matata Delu ta miƙo mini ita a ƙofar ɗaki, ta ce in karɓi amaryata in daina zagaya tsakar gida kamar kazar da za ta yi ƙwai. Na yi mata huɗuba a kunne. Shekara bakwai gidan nan bai ji kukan jinjiri ba.

Ni Illa masassaƙi na unguwar Bilbis, yau na zama kaka. Ina rubutawa don Mushe Yunusu, malaminmu na ajin yamma (Mushe ake ce wa malamin boko a nan), ya ce wanda ya koyi boko da furfura, in bai yi rubutu kullum ba, boko zai gudu ya bar shi.

Uban yarinyar shi ne ɗana na fari, kuma shi kaɗai Allah ya bar mini. Bakina bai taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari. Amma Mushe ya ce takarda ba baki ba ce. To, Ma'azu. Gardin itatuwa ne a nan Tawa, wato mai tsaronsu na gwamnati, yana da kakinsa da hularsa. Sa'o'insa duk sun tafi biɗar kuɗi Abijan, wasu shekara goma ba ko wasiƙa, kamar ƙanena Dodo da uwarmu ta mutu tana duban hanya. Shi aikin nan ne ya riƙe mini shi a gida.

Itace kuwa, bana ba mai yi mana gori. Gawon ƙofar gida ya bushe, an ba mu takarda, mun sare shi ranar Asabar. Ga shi nan jibge har ya kai kan katanga. An ɗora babbar tukunya tun ɗazu. Kwana arba'in, safe da yamma, ruwa zai tafasa.

Laraba, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

An yi wanka sau biyu. Ina jin ƙarar ganyen dogon yaro daga zaure, Delu na tsoma shi a ruwan zafi tana fyaɗa wa Balkisu, ita kuwa tana salati. Ban taɓa jin sautin da ya fi wannan daɗi ba.

Na leƙa yarinyar sau shida. Delu ta ce in na ƙara za ta sa mini ƙararrawa a wuya.

Juma'a, 27 ga Oktoba, bayan masallaci

Shef Tanimu, babban su Ma'azu a biron itatuwa, wato ofishinsu, ya zo barka. Mutumin gabas ne, dogo, ba ya ɗaga murya. Na ji daɗin zuwansa har na rasa inda zan sa shi. Tabarma duk suna ciki wurin mata, sai na jawo masa gindin gawon nan da na ajiye a zaure. Ban faskara shi ba, don itace ne mai kyau, na ce zan sassaƙa wa Balkisu turmi. Ni da hannuna na mirgino shi, na kakkaɓe, na ce bismilla.

Ya zauna, ana gaisawa, hannunsa na shafa gefen itacen. Sai na ga hannun ya tsaya. Ya sake bi da yatsa, ya zagaya har ya dawo inda ya fara. Ya tambaya ko wannan na gawon ƙofa ne, mai lamba arba'in da ɗaya. Na ce shi ne. Ya tambayi wanda ya duba shi ya rubuta cewa ya mutu da kansa.

Ma'azu na tsugune a bakin ƙofa. Ya ce, "Ni ne, Shef."

Shef ya yi wa jinjira addu'a, ya tashi. Goron da na ba shi yana nan inda na ajiye.

Asabar, 28 ga Oktoba, da safe

Bari in rubuta dokar kamar yadda take, tunda ni na karanta wa unguwa ita bara waccan a ƙofar mai unguwa, ranar da aka ce a nemo wanda ya fi kowa a ajin yamma. Ba a sare gawo, ko tsamiya, ko aduwa, ko dogon yaro a cikin gari. An shafa wa kowanne lamba da farin fenti. In itace ya mutu, gardi zai zo ya duba, ya sa hannu, kana a ba ka takarda. Wanda ya kashe itace da gangan, alƙali. Na karanta da ƙarfi, aka yi ta cewa madalla da Illa.

A jikin gindin akwai zobe. An kwance ɓawo an zagaye, faɗin tafin hannu, aka shafe wurin da laka. Itacen da aka yi wa haka ba ya sake ganye. Da damina ba mai ganewa, don gawo duka tsirara suke tsayawa in ruwa na zuba. Sai da kaka ta yi, 'yan'uwansa suka fara toho, shi shiru.

Zoben ya tafi daidai, ba karkace, ba tsallake. Ba aikin akuya ba ne, ba na yara ba. Wanda ya yi shi ya iya gizago. A Bilbis masassaƙi ɗaya ne.

Yarinya lafiya. An yi wanka.

Litinin, 30 ga Oktoba, da azahar

Sun zo da amalanke biyu. Abokan aikin Ma'azu ne, yaran da suka sha fura a zauren nan, ba wanda ya iya kallon idona. Sun kwashe itacen duka, har ɓaraguzai, har gindin. Delu ta roƙi na yamma kawai, suka ce an ƙirga.

An karɓe kakinsa da hularsa. An ce ya zauna gida sai ranar Alhamis, sha shida ga watan gobe, za a saurari maganar. Abin da biro ke zato shi ne ya kashe itacen ƙofar gidansu da hannunsa, ya sa wa kansa hannu. In ya tabbata, aiki ya ƙare.

Ya shigo da tsohuwar taguwa, ya gaishe ni kamar kullum, ya wuce ciki. Gobe suna.

Litinin, bayan magariba

Da kara aka dafa ruwan yamma. Kara wuta ce ta ƙarya, ta tashi fuu ta mutu. Delu ta ce ruwan ko yatsa bai ƙona ba.

Talata, 31 ga Oktoba, da la'asar

Zalika. An yanka rago, liman ya yi addu'a, mutane sun cika ƙofar gida, sai dai ba inuwa. Kowa na zaune cikin rana yana kāre fuska da hannun riga, ba mai cewa komai a kan dalili.

Gambo wanzami, abokina tun muna kiwon awaki, shi ya yi mata aski. Shekara talatin a ƙarƙashin gawon nan yake shimfiɗa buzunsa. Yana wasa aska yana magana da jinjirar, ba da ni ba. Ya ce mata ta yi haƙuri da zafin rana, kakanta mai boko ne, ya karanta doka har ya haddace, itacen ya ji karatun ya mutu don tsoro. Mutane suka yi dariya kaɗan. Da zai tafi ya matso kusa da ni, ya ce, "Mushe Illa, ni na san sāran gizagonka ko a kan ludayi."

 Na ɗauki Zalika, kanta fes, sai ƙamshin sabulun salo. Ta kama mini gemu. Wallahi na yi dariya, da gaske na yi, a ranar da bai kamata ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Tun jiya mata ke shigowa da sassafe. Ladi ta gidan gabas da ɗaurin sabara. Matar liman da guntun aduwa busasshe. Wata tsohuwa da ban ma sani ba, daga can bayan kasuwa, da kashin shanu cike da ƙwarya. Kowace ta ajiye a bakin murhu, ta ce ina mai jego, ta fita. Ruwa ya tafasa jiya, ya tafasa yau.

Na tambayi Delu wa ya aike su. Ta ce ba wanda ya aike su, haka ake yi, haka aka yi mata lokacin nata jegon, ita ma ta kai wa wasu ba adadi. Ta dube ni ta ce, "Malam, da ka tambayi mata."

Na fita na zauna a zaure.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Ban je masallacin Juma'a ba. Na ce ƙafa ce.

Asabar, 4 ga Nuwamba, da azahar

Haihuwar Balkisu ta fari a Kalfu aka yi, gidan iyayenta, kamar yadda aka saba. Itacen wanka kan gidan miji yake. Shekarar ba ta yi kyau ba, na aika jaki biyu kawai. Wanka ya tsaya a kwana ashirin. Ƙafafunta suka kumbura, ɗan ya koma yana da wata biyu, daga nan shekara bakwai shiru. Uwarta ta faɗa a gidan makoki, a gaban mata, magana ta zagayo har kunnena: gidan masassaƙi, amma ba itace.

Shekara bakwai ina tauna maganar nan. Da Delu ta raɗa mini cikin watan Afrilu cewa yarinyar nan ta tsallake wata uku, na fita ƙofar gida don in sha iska, na ɗaga kai. Sati bai cika ba na kafa zana kewaye da gindin gawon, na ce wurin ɗaure rago ne. Sauran, da tsakar rana ne, lokacin da zafi ya kwantar da kowa.

Ban rubuta don a ce ina da hujja ba. Ubana ya zauna a inuwar itacen nan, ya ce shi ma a haka ya tarar da shi.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, da yamma

Ranar kasuwa. Gambo ya ce ya ga Ma'azu a tasha, yana magana da direban motar albasa mai zuwa Abijan. Na ce wataƙila saƙo yake bayarwa. Gambo ya ce wataƙila.

Yarinya lafiya. An yi wanka.

Litinin, 6 ga Nuwamba, da safe

Ni da Ma'azu ba mu taɓa zama mun yi zance mai tsawo ba. Ina kwana, lafiya lau, a dawo lafiya. Abin da zan gaya masa Delu ke kai wa, abin da zai gaya mini ita ke kawowa. Yau ta kawo.

Ya ce a gaya wa Baba kada ya je biro. Zai tsaya a kan cewa laka ta rufe zoben, bai gani ba, bai kuma san wanda ya yi ba. In aka ɗauke shi a matsayin sakaci, gargaɗi ne a takarda, aiki na nan. Ya ce Baba ya yi shiru kawai, shirun shi ne taimakon.

Na ce da Delu, to ya san ke nan. Ta ce ita saƙo aka ba ta, ba tafsiri ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba, da la'asar

Awakin unguwa har yanzu suna zuwa ƙofar gida neman 'ya'yan gawo. Su tsaya, su shinshina kututturen, su dubi sama.

Sauran gawon layinmu duk sun yi kore shar. Arba'in, arba'in da biyu. Tsakaninsu rana.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Ban je aji ba. Sati biyu ke nan.

Asabar, 11 ga Nuwamba, bayan azahar

Ɗaya daga cikin waɗanda suka zo da amalanke ya tsaya ya gaishe ni a hanya. Na ja shi gefe na tambaye shi gaskiya. Ya ce Shef bai yarda da zancen sakaci ba. Ya ce Shef na cewa ba yadda za a yi wani ya zo daga waje ya yi wa itace zobe a ƙofar gidan gardi, a bayan zanar gidan, gardin bai sani ba. Ko dai shi ya yi, ko a nuna wanda ya yi.

Ko a nuna wanda ya yi. Tun ɗazu nake juya wannan.

In na fito na ce ni ne, an samu wanda ya yi. Yaron ya fita. Ni tsoho ne, in gidan kaso ne kwana nawa ya rage mini da za a rage. Shi ya ce in yi shiru, amma yaro ne, kunyata yake ji, ba zai ce ubansa ya je ya tsaya gaban mutane ba. Ai ba a taɓa yin ɗan da ya fi ubansa sanin hanya ba.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Zalika ta fara bin mutum da ido. Na ɗaga carbi na kai dama, ta bi, na kai hagu, ta bi. Na kira Delu ta zo ta gani, ta ce duk jinjiri haka yake. Ƙarya take, ita ma ta tsaya tana kallo har tuwo ya kama.

Ma'azu na zaune can gefe yana gyaran igiyar guga da ba ta lalace ba. Ya rame. Mutumin da ya saba fita tun sanyin safiya yana zagaya gari yana duba dashe, yanzu yini yake a tsakar gida cikin mata.

Talata, 14 ga Nuwamba, da safe

Na rubuta takardar. Sau huɗu ina yagewa, don hannuna na karkata layi. Ga abin da na bari:

Zuwa ga Shef Tanimu. Gaisuwa da fatan alheri. Ni Illa masassaƙi, ni na yi wa gawo mai lamba 41 zobe cikin watan Afrilu da gizagona, na shafe da laka, don in sami itacen wankan jego. Ɗana bai sani ba. Hukunci a kaina yake. Illa.

Ban taɓa rubuta abu mai tsabta kamar wannan ba. Ko Mushe ba zai sami wurin jan alƙalami ba. Ban gaya wa Delu ba.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Na wanke babbar rigata. Delu ta tambaya ko biki za ni.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi bi da bi, ko na huta.

Ma'azu ya riga ni fita. Na bari ya yi nisa, na bi bayansa. Da na shiga biron, Shef na zaune bayan tebur, wani magatakarda a gefe, gindin gawon a tsakiyar ɗaki kamar gawa. Ma'azu na tsaye. Da ya gan ni sai ya rufe ido. 

Na miƙa takardata. Shef ya sa aka ba ni kujera, ya karanta a hankali, ya ce rubutun ya yi kyau. Ya ce tun ranar da ya zo barka ya san hannun gwani ne, kuma ya ga gizago rataye a zaure. Abin da ba shi da shi, shaida. In ba shaida, ba zai iya rubuta wa na sama da shi abin da ya wuce sakaci ba, kuma har ya fara shirya takardar gargaɗi. Ya ɗaga ta ya nuna mini. Na gan ta da idona.

Amma yanzu, in ji shi, ga takarda da sa hannu, ba zai iya cewa bai gani ba. Magana ta rabu biyu. In gardi bai sani ba, to tsoho ya kashe itacen doka, ya kuma yaudari ma'aikaci, dole a kai shi gaban alƙali yau. In gardi ya sani, laifin ya koma kan wanda aka ba amana, a gama shi a nan cikin biro.

Na ce bai sani ba, na rantse. Shef ya ce ba ni yake tambaya ba.

Ma'azu ya ce, "Na sani, Shef."

Na ce ƙarya yake, don ni yake yi. Na tashi tsaye, na manta inda nake.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Tun Afrilu na gani. Laka ta zube sau biyu da damina, ni na mayar. Baba da farar laka ya shafe, ta bakin tabki. Ni da ja na gyara, ta bayan gida."

Shef ya tashi, ya durƙusa gaban gindin, ya kankare da farce. Ja a sama, fara a ƙasa. Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe ya ce da ni, cikin ladabi, in tafi gida, ba abin da ya rage nawa a nan.

Na fito. Ban san ta wace hanya na dawo ba.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Ja a sama, fara a ƙasa.

Asabar, 18 ga Nuwamba, da azahar

Delu ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na ji sauƙi. Ta kawo fura ta ajiye, ta ɗauke ƙwaryar da yamma kamar yadda ta kawo ta.

Damina guda yaron nan yana bin bayana da laka a hannu. Ina wucewa ta gaban zanar nan da safe ina jin kaina mai dabara, shi kuma ya fito bayana ya gyara. Muna cin tuwo a gida ɗaya. Ya sa kakinsa ya je ya kama wani a Sabon Gari don reshen tsamiya, ya dawo ya lallaɓa zoben ubansa.

Ya ce in yi shiru. Abu ɗaya ya taɓa roƙona tun da aka haife shi.

Litinin, 20 ga Nuwamba, da hantsi

Takarda ta zo. An sallame shi. Ni ya miƙa wa, don da Hausa aka juya ta a ƙasa, na karanta wa uwarsa da matarsa. Abin da boko ya yi mini ke nan.

Na koma biron ni kaɗai. Na ce a kai ni gaban alƙalin, na yarda, a mayar da yaron. Shef ya fito da kansa ya tarye ni a baranda. Ya ce Ma'azu ne gardin da ya fi kowa cikin waɗanda ya taɓa riƙewa, dogon yaron da ke hanyar asibiti duk shi ya raya su da garwa a kafaɗa. Ya ce amma in ya bar wannan, gobe da wane baki zai hana matar da ta karya reshe don ta dafa wa 'ya'yanta tuwo. Ya ce garin nan in aka bar kowa da dalilinsa, shekara goma ba sauran inuwa, kuma kowa dalilinsa mai kyau ne.

Gaskiya ya faɗa.

Laraba, 22 ga Nuwamba, da yamma

Na ce da Delu ta gaya masa akwai gonarmu ta ƙauyen Affala, akwai gizago, zan koya masa sassaƙa. Ta dawo ta ce ya gode. Ya ce gonar ko mu biyu ba ta ciyarwa, sassaƙa kuma da wane itace.

Gambo ya zo ya zauna tare da ni a zaure, bai yi tsiya ko ɗaya ba. Ya yi mini aski ban tambaya ba. Da ya gama ya ce yanzu a gindin arba'in da biyu yake shimfiɗa, in na ga dama in zo, akwai wuri.

Yarinya lafiya. An yi wanka.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Lahadi Ma'azu zai tafi Abijan.

Asabar, 25 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yini ya yi da Zalika a hannu, ba kunya, a gaban kowa. Da, in na shigo sai ya miƙa wa uwarsa ita ya sunkuyar da kai. Yau bai miƙa ba. Ya kwantar da ita a cinya yana duban tafin ƙafarta, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai haddar karatu.

Balkisu ta yi kyau, jikinta ya murmure, ba kumburi ko kaɗan. Delu ta ce ba ta taɓa ganin jegon da ya karɓi mace haka ba. Da itacen mata.

An ɗaure kayansa. Tabarma, buta, bargo, garin fura a tsumma. Daidai irin ɗaurin da uwarmu ta yi wa Dodo.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, da azahar

Na raka shi tasha. Uba ba ya raka ɗan fari, na sani, mutane sun yi ta kallo. Na ɗauki butarsa, ya ce in kawo, na ƙi.

Motar ta cika da buhunan albasa har ta wuce ƙarfe. Matafiya a sama suke zama, su kama igiya. Kwana biyar, in ji direba, in hanya ta yi kyau.

Mun tsaya a gefe. Da yaron mota ya fara kira, na ce masa ya yafe mini. Ban taɓa gaya masa magana kai tsaye irin wannan ba, sai da na dubi ƙasa.

Ya ce, "Baba, ni ma ina son ruwan ya tafasa."

Ya durƙusa, na dafa kansa. Ya hau. Ya sami wuri can baya a kan buhu, ƙafafunsa na lilo a waje, rana a kansa. Na tsaya har motar ta sha kwana wajen hanyar Ƙonni.

Da na shigo gida an sauke tukunya, tsakar gida duk tururi. Saura kwana bakwai Balkisu ta gama wanka, ba ta fita ko zaure. Ta yi magana daga bayan asabari, a hankali, ita da ba ta taɓa tambayata komai ba. Ta ce, "Baba, ya sami gaba?"

Na ce ya samu, kusa da direba.